Akwati mai kwaɗo uku: amsa ga masu cewa kada a karɓi taimakon Katolika

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin makarantar boko ne, irin waɗanda a nan Nijar ake kira mushe. Na yi shekara talatin da biyu ina shan ƙurar alli, yanzu na yi ritaya na dawo ƙauyenmu cikin ƙasar Magarya, jihar Damagaram. Tsakaninmu da iyakar Najeriya ba nisa, rabin danginmu ma suna tsallake, wajen Daura da Zango. Jaridarku jikana ne ke buɗe mini ita a waya, in sa tabarau in bi a hankali.

Abin da ya tayar da ni rubutu wani saƙon murya ne da ke yawo a WhatsApp. Sau uku yana zuwa mini cikin sati guda, na ƙarshen daga ɗan ƙanwata da ke Kano, har ya rubuta "Kawu, a yi hattara" a ƙasansa. Mai maganar ban san shi ba, ba ni kuma da niyyar cin mutuncinsa. Cewa yake duk abin da ya fito daga hannun ƙungiyoyin agaji na Katolika, abinci ne ko magani ko gidan sauro, tana ce a bakin ƙugiya. Wai akwai maganin hana haihuwa a ciki, wai kuma in an gama da cikinmu addinin 'ya'yanmu za a bi. Ya rufe da cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Muryarsa da daɗi, ya kuma iya jera magana. Sai dai daga yadda yake kwatanta abin na gane bai taɓa tsayuwa a layin rabo ba, bai kuma taɓa zama kusa da tabarmar matan asusu ba. Ni na tsaya, na zauna, kuma gani ya kori ji.

Wadda muka fi sani a nan ita ce Catholic Relief Services, da ake taƙaitawa CRS. Manyan limaman Katolikan Amurka ne suka kafa ta a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, don tallafa wa 'yan gudun hijirar Turai. Hedkwatarta tana Baltimore, tana aiki a ƙasashe fiye da 100, kuma ta shigo Nijar a 1991. Ita ma mamba ce a cikin babbar tarayyar ƙungiyoyin agajin Katolika da ake kira Caritas, wadda tushenta ya faro daga Jamus a 1897, yau tana da mambobi sama da 160, har da ta nan gida mai suna CADEV. Daga 2012 CRS ta yi wani aiki a Kance da Mayahi da ake kira PASAM-TAI. A 2018 kuma aka buɗe wani a Magarya da Dungas, aka raɗa masa sunan Hausa, Girma. Tsofaffin ƙauyenmu ba ruwansu da baƙaƙen boko, 'yan Girma kawai suke cewa.

Ba na cewa masu zargi wawaye ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Najeriya masu shekaru irin nawa sun tuna yaƙin Biyafara, lokacin da Caritas da wasu majami'u suka haɗa kai suna tashi da jirage cikin dare daga tsibirin Sao Tome suna sauka a Uli, cikin yankin Biyafara, da abinci da magani, sawu fiye da 5,000. Su suna ganin yara suke ceto daga kwashiyoko, wato ciwon tamowa, gwamnatin Gowon kuwa tana ganin ƙarin numfashi ake yi wa 'yan tawaye. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 aka sallame su daga ƙasar, kuma CRS ba ta koma Najeriya ba sai bayan kusan shekara talatin. Akwai kuma masu haɗa jinya da wa'azi a fili, ba su ɓoye ba. Asibitin Galmi na mishan ɗin SIM, wanda ba na Katolika ba ne, tun 1950 yake haka, kowa ya sani, kuma alhazai da malamai ba su fasa kai matansu can ba in haihuwa ta zo da gardama. Saboda haka tambayar mai saƙon murya tana da gurbi. Amsarsa ce ban yarda da ita ba.

Maganar hana haihuwa ita ta fi ba ni dariya, Allah Ya gafarta mini. In akwai ƙungiyar da ba za ka samu ƙwayar tsarin iyali a jakarta ba, to ta Katolika ce. Cocinsu ya haramta musu, Fafaroma Paul na shida ya jaddada haramcin a rubuce a 1968, kuma har yau a can ƙasashensu ana yi musu gori a kan haka, ana cewa sun cika tsauri. Wato malamin namu ya ɗauko laifin da su ma suke ƙyama ya rataya musu. Game da jan mutane zuwa addini kuwa, Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta wa mabiyansa a 2005 cewa ba a mayar da sadaka hanyar farautar mabiya. Rubutu dai rubutu ne, na sani, ni ma na sha rubuta dokoki a allo yara suna karyawa. Shi ya sa na fi dogara da abin da idona ya gani. Ma'aikatan da ke zuwa mana 'ya'yan ƙasar nan ne, wasunsu ma ɗalibaina ne na da. In azahar ta yi su nemi buta su bi sahu. A duk shekarun nan ban ga an ba kowa littafi ba, ban ji an ce wa wata ta faɗi wata kalma kafin a auna mata ba, ban kuma san gida ɗaya a ƙauyenmu ko maƙwabta da ya sauya alƙibla ba.

Abin da na gani shi ne damina. Duk wanda ya yi zaman ƙauye ya san daga Agusta zuwa Oktoba yadda ƙananan kaburbura ke yawa a maƙabarta. Ina koyarwa, sai ka ga yaro bai zo ba kwana biyu, ka tambaya a ce ƙanwarsa ce ta rasu, masassara. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi sau ɗaya kowane wata a cikin damina, a ƙasashen Sahel. CRS na cikin waɗanda suka ɗauki wannan aiki a Nijar tare da ma'aikatar lafiya, kuma ta hannunta kuɗin asusun duniya na Global Fund ke bi wajen rabon gidan sauro, wanda mu muke kira sange. Masu rabo su biyu ne, gida-gida suke bi. Ranar farko a gabansu ake ba yaro, a bar wa uwa na kwana biyu. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ɗaci ne da ita kamar maɗaci. Ina da jika da lokacin tana 'yar shekara uku, in ta hango masu rabo sai ta shige ƙarƙashin rumbu, sai an jawo ta ta ƙafa, kakarta ta riƙe hannuwa, uwarta ta ɗura mata da cokali tana lallashi da ƙullin sukari. Kuka kamar ana yanka ta. Bana shekararta bakwai, tana aji biyu, bakin nan ba ya hutawa.

Amma abin da na fi so in ba ka labari shi ne akwatin.

Akwatin ƙarfe ne, bai fi wanda ɗalibin kwana ke sa tufafi ba, an yi masa wurin kwaɗo uku. Mata ashirin da biyar ke da shi, uwargidana tana ciki. Makullan suna hannun mata uku daga unguwa uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Kowace Alhamis bayan la'asar su shimfiɗa tabarmi a gindin bedin ƙofar gidan mai gari. Ba a buɗewa sai ukun nan sun hallara. A ajiye kwano biyu, babba na zubi, ƙarami na taimakon gaggawa. A kira suna ɗaya-ɗaya, mace ta taso ta ɗaga kuɗinta sama kowa ya gani, ta faɗa da bakinta, "dala hamsin", ko "dala ɗari", sannan ta jefa. Ga masu karatu na Najeriya, dala ɗaya a wurinmu sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. In an gama, mata biyu su ƙirga, a faɗi jimilla da ƙarfi, duka su maimaita kamar 'yan makarantar allo. Sati mai zuwa kafin a taɓa kwaɗo sai shugaba ta tambaya, "Nawa muka bari?" Su amsa baki ɗaya. In aka buɗe aka tarar ba haka ba, to ranar ba mai tashi.

Shekarar farko ni suka roƙa in riƙe musu littafi, don ba mai karatu a cikinsu. Amma ba su yarda in hau tabarma ba, namiji ba ya cikin tsari. Sai a ajiye mini kujera can gefe, wata yarinya tana kai da komo tsakanina da su. Ranar da na yi kuskuren dala ashirin a tarawa, wata tsohuwa da ba ta san alif ba ta ce, "Mushe, sake duba takardarka, ba haka muka bari ba." Na duba, ita ke da gaskiya. An yi wata guda ana yi mini dariya a bakin rijiya. A shekara ta biyu suka samu wata 'yar ƙauyen da ta gama firamare, suka karɓe littafin, suka ce sun gode.

Ma'aikacin da ya koya musu tsarin bai sa ko dala a akwatin ba. Wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa. A takardun CRS sunan tsarin SILC, amma ba daga Baltimore dabarar ta taso ba. A Maradi aka haife ta a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE, wadda ba ta addini ba ce, ta zauna da matan karkara aka gyara adashen da suka gada, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu Afirka da wajenta, ƙungiyoyi suka ara kowa ya yi masa nasa kwaskwarima. Wato adashen kakanninmu ne ya yi yawon duniya ya dawo mana da kwaɗo uku da littafi.

An yi rigima a kan riba, kuma ba zan ɓoye ba. A tsarin da aka kawo, wadda ta ci bashi takan mayar da ɗan ƙari, a raba ƙarin a ƙarshen shekara. Limaminmu ya ce wannan bai halatta ba ko da kuɗin naku ne. Matan suka yi sati uku suna muhawara, har biyu suka yi fushi suka ce a ba su zubinsu. Ma'aikacin da aka kira ya ce doka tasu ce, su za su rubuta ta. Sai suka soke ƙarin. Maimakonsa, da kaka su sayi wake yana araha, su zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa, su ɗaure, sai bazara ta yi tiya ta hau su fitar. Ga tarar makara, dala biyar, wadda uwargidana ta fi kowa biya. Da rabon shekara ta uku ta sayi jar akuya, 'yar Maradi. Yanzu garke ne na bakwai, kuma daga cikinsa aka yi wa autarmu gado da katifa ba tare da na je gaban kowa na sunkuyar da kai ba. Daren da naƙuda ta tsananta wa surukata, daga ƙaramin kwanon nan aka ciro kuɗin man babur da na likita, ƙarfe biyun dare, mata uku da makullansu a hannu suna haska fitila.

To, ga inda nake da magana da su Katolikan, da ma duk masu irin aikinsu. Sun jingina da bangon da ba nasu ba. Gaskiya ne talakawansu suna bayarwa. Tun 1975 suna da wata al'ada a azuminsu na kwana arba'in, a ajiye ɗan kwali a kan teburin cin abinci, iyali su rage cima su jefa canjin a ciki, kashi uku cikin huɗu a aika ƙasashen waje, ɗaya a bar wa mabukatan unguwa. Wannan ya burge ni. Amma kafin 2025 kusan rabin kuɗin CRS daga gwamnatin Amurka yake fitowa, ta hannun hukumar agajinta USAID, mai tambarin hannu biyu suna musafaha da muka saba gani a jikin buhuna da galan-galan na mai. Girma ma da kuɗinta aka yi shi. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da agajin ƙetare na kwana 90, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe USAID gaba ɗaya, hukumar da Kennedy ya kafa tun 1961. Mutum ɗaya ya ja alƙalami a Washintan, sai ga motoci sun daina shigowa ƙauyukan Sahel, samarin da ke ɗan samu a ayyukan ƙungiyoyin agaji, furoje inji mu, sun koma neman kuɗin motar Agadas. Kayan aro ba ya rufe katara. In akwai askin kuturu a cikin lamarin, to wannan ne, ba wanda mai saƙon murya ke tsoro ba.

Mu kanmu kuma ba mu da bakin magana sosai. A 2005, bayan fari da farin dango sun cinye amfanin 2004, mutane suna tonon gidan tururuwa suna cin anza, hukumomin ƙasarmu na lokacin cewa suke ba yunwa. Baƙi ne suka buɗe wuraren jinyar tamowa a Maradi da Damagaram. Sannan ga 16 ga Janairun 2015, ranar Juma'a, da fushin zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa matasa suka ƙona coci-coci a Damagaram, washegari a Yamai, aka rasa rayuka goma. Zanen ya ƙona mini rai kamar kowane Musulmi. Amma Kiristocin Damagaram ba su suka zana ba, maƙwabta ne, wasunsu tare muka yi makarantar horon malamai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na ɗauka bayan wannan masu agajin Katolika za su naɗe tabarmarsu. Damina na zuwa sai ga sange, sai ga magani.

Ba duk mai farar mota ne na kirki ba, wannan ma na gani. Wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta taɓa yi mana famfo, aka yi biki da makaɗa, aka ɗauki hotuna, aka kafa allon ƙarfe da ya fi famfon tsayi. Wata takwas wani ƙarfe ya karye a ciki, aka nemi irinsa daga Damagaram har Kano ba a samu ba. Yau awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Shi ya sa ni ma'aunina ba addinin mai bayarwa ba ne, abin da zai saura ne in ya tafi. Masu Girma sun ɗauke ƙafa, akwati na nan. Ya ma haifi biyu, ɗaya na 'yan mata, ɗaya na maza masu kiwon rago, waɗanda har yanzu ba su iya zuwa a kan lokaci ba.

Ga ɗan ƙanwata da ya ce in yi hattara, na tuna masa cewa hijirar farko a Musulunci wurin Najjashi aka yi ta, sarkin Habasha, Kirista, kuma Annabi ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar. Na ce ya buɗe aya ta 8 a Suratul Mumtahana ya karanta da kansa. Sannan na tambaye shi abin da nake so in tambayi mai saƙon murya ta bakin jaridarka. A ce gobe mun mayar da sangen, mun rufe ƙofa ga masu magani. Wa zai zo? Muna da zakka, farilla ce ba ganin dama ba. Muna da attajirai a Kano da Maradi da Damagaram waɗanda zakkar ɗayansu za ta sayi sangen gunduma guda. Amma yadda aka saba fitar da ita, a tara mutane a ƙofar gida cikin rana, a miƙa ɗari biyar-biyar, a tattake tsofaffi, kowa ya watse, baɗi a sake. Ba littafi, ba mai zuwa ƙauye ya ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ba mai dawowa bayan wata guda ya ga ko an sha na biyu. Na san akwai hukumomin zakka da gidauniyoyin Musulmi masu ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Ni dai har yau ba su iso bakin bedinmu ba.

Ina roƙonka, ya Edita, in kana da wakili a Daura ko Damagaram, ka turo shi wata Alhamis ya ga abin da idonsa, ya ɗauki muryar matan da kansu. Mai saƙon murya ma in zai zo, akwai masauki a zaurena, akwai fura. Sai dai su sani kujera za a ajiye musu a gefe kamar yadda aka yi mini, kuma duk wanda ya iso bayan an buɗe kwaɗon farko, shugabar ta ce baƙo ma sai ya biya dala biyar.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mushe,
daga ƙasar Magarya, Jamhuriyar Nijar